A Tsaye, a Kife ko a Kishingiɗe: Yadda Ake Ɗaura Injin Ƙaramin Jirgin Sama

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku na sojan Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar. Tun daga lokacin sha'awar jirgi ta shiga zukatan yara. Har a ƙauyukan Ɗambatta, Bichi da Makoɗa, da zarar an girbe dawa, yara kan fere kara su harhaɗa jirgi mai fukafukai. Ɗalibin da ya so ya wuce wasan kara, ya ƙera ƙaramin jirgi mai inji wanda ake sarrafawa daga ƙasa da na'urar rediyo, zai gamu da tambayar da ba a cika yi ba sai an yi asara: ta wace fuska za a ɗaura injin?

Yadda injin yake

Irin wannan inji bai fi dunƙulen hannu ba. Silinda ɗaya gare shi, da fistin ɗaya, da kafireto, da filogi a ƙoƙon kansa. Aikinsa ya yi kama da na ƙaramin janareto da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, sai dai shi methanol yake sha, gauraye da man zurma ko makamancinsa, kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Filoginsa ba ya tartsatsi. Wata siririyar waya ce a ciki, a kunna ta da batir ta yi jawur, sa'an nan zafin konewar mai ya riƙe ta a haka. Farfelar kuwa takan juya fiye da sau 10,000 a minti ɗaya. Injin ba shi da famfon mai, don haka inda nauyi ya ja man, can yake zuwa. Wannan shi ne tushen maganar baki ɗaya.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce a tsaye, wato kan silinda yana kallon sama. Idan mai ya yi yawa sai ya gangara ƙasa, filogi ya zauna a bushe, injin ya tashi ba wahala. Iska tana bugun kan silinda sosai, hannu kuma yana kai wa ga filogi da allurar daidaita mai. Aibinsa shi ne yana ɓata surar jirgin, kuma salansa takan fesa maiƙo a kan fiffike.

Ta biyu ita ce a kife, kai a ƙasa. Wannan tana ɓoye injin a cikin hancin jirgi, ya fito sumul kamar na gaske. Manyan jirage ma sun bi ta. Geoffrey de Havilland, wanda ya zana jiragen nan da suka sauka a Kano, kamfaninsa ya kife injinsa mai suna Gipsy, aka sa shi a jirgin Tiger Moth a 1931, domin matuƙi ya ga gabansa, farfela kuma ta yi nesa da ƙasa. Amma waɗannan suna da famfon mai. A ƙaramin inji, kamar yadda jini kan taru a kan wanda ya tsaya da ka, haka mai yake taruwa a kan filogi ya kashe wutarsa. Mafi muni, ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan silinda ta cika aka tilasta farfela ta juya, sandar fistin tana iya lanƙwashewa, injin ya tashi daga aiki.

Ta uku ita ce a kishingiɗe, kan silinda yana kallon gefe. Filogi ba ya nutsewa, salansa tana komawa ƙasa ta zubar da maiƙo nesa da fiffike, kuma kafireto yakan zo daidai da tsakiyar tanki. Wannan daidaito wajibi ne a kowace hanya: in tanki ya fi kafireto tudu, mai ya riƙa tsiyaya ya shaƙe inji, in ya yi ƙasa da yawa, injin ya ji yunwa ya yi zafi.

Abin da ƙasarmu ke buƙata

Yawancin littattafan wannan fanni an rubuta su ne don masu filin ciyawa a Turai da Amurka. A arewacin Kano babu irin wannan fili. Gona tana manne da gona, sai da rani ake samun sarari, shi ma cike da kunya da tushiyar kara, ga gawo da ɗorawa a tsattsaye. Jirgin da ya sauka a irin wannan wuri yakan dungura da hanci. In injin a kife yake, kan silinda da filogi su ne farkon abin da zai daki ƙasa. Bugu da ƙari, ƙasar yankin rairayi ce, ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Bakin kafireton da ya kusanci ƙasa yana zuƙar yashi, yashi kuwa yana cinye fistin kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Sai kuma zafin bazara, lokacin da ma'auni kan kai digiri 40: injin da aka rufe cikin hanci ba ya samun isasshiyar iska. Saboda haka, ga mai koyo a wannan yanki, a tsaye ya fi aminci, a kishingiɗe na biye, a kife kuwa sai wanda ya ƙware kuma yake da fili mai santsi.

Ko wace hanya aka zaɓa, akan ɗan karkata injin dama da ƙasa, kimanin digiri 2, domin juyin farfela yana jan jirgi hagu.

Gargaɗi

Methanol guba ne, kurɓinsa kaɗan yana makantarwa. Farfela tana datse yatsa, don haka daga bayanta ake daidaita inji. Tun 2016 kuma Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta hana tayar da jirgi marar matuƙi ba da izini ba, sai malami ya bincika kafin ya fita da ɗalibai.

A yau mafi yawan ƙananan jirage da batir suke tashi, kuma motar lantarki ba ruwanta da sama ko ƙasa. Duk da haka darasin yana nan. Ɗalibin da ya gane dalilin jiƙewar filogi a injin da aka kife, zai gane abin da ya sa injin ban-ruwa a bakin madatsar Tomas ko Watari ke gardama in an ajiye shi a karkace.