Kafin A Ɗaure Kaya Zuwa Ingila: Wane Aji Yaro Zai Shiga?

Duk lokacin da wani gida ke shirin komawa Ingila da zama, hirar ba ta wuce ta biza, kuɗin jirgi da rigunan sanyi. Idan aka taɓo makarantar yara, sai ka ji an ce, "Ai can karatu kyauta ne, in an isa a gani." Gaskiya ne ba a biyan kuɗin makaranta a makarantun gwamnati na can, har ga 'ya'yan baƙin da suka shiga tare da iyayensu bisa ƙa'ida. Sai dai mu da ƙannenmu da 'yan'uwanmu ke cikin irin waɗannan tafiye-tafiye mun ga inda gizo ke saƙar.

A Ingila ba a tambayar ajin da yaro ya baro, ranar haihuwarsa ake dubawa. Duk yaran da aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta na gaba ajinsu ɗaya. Mai shekara 11 zai fara sakandare a aji na 7, ko da kuwa shi ke zuwa na ɗaya tun daga firamare. Mu nan mun saba da tsallaken aji, har iyaye na alfahari da shi. To, ɗan shekara 12 da ke JSS 3 a Kaduna, can aji na 7 ko na 8 zai koma, ya ga kamar an mayar da shi baya. Wannan mai sauƙi ne, fushin 'yan makonni ne ya wuce.

Wanda muke ji wa tsoro shi ne mai shekara 14 zuwa 16. Jarrabawar GCSE, wadda ita ce kamar WAEC ɗinsu, karatun shekara biyu ne, aji na 10 da na 11, ana rubuta ta a watannin Mayu da Yuni. 'Yar kawunmu tana SS 2 aka tafi da ita a watan Janairu, shekarunta suka jefa ta aji na 11. Lissafi bai ba ta wahala ba. Adabin Turanci ne ya kayar da ita, domin 'yan ajinta sun shafe fiye da shekara suna nazarin wasan kwaikwayon Shakespeare da ita ko bangonsa ba ta taɓa gani ba. Sai da ta ƙara shekara a kwaleji kafin ta samu makin da take buƙata. A ganinmu, yaron da ya kai wannan gaɓa ko dai a kai shi kafin Satumbar da za a fara aji na 10, ko a bar shi wajen dangi ya kammala WAEC tukuna. Mun san raba yaro da mahaifiyarsa ba ƙaramin abu ba ne, amma a ƙalla a tambaye shi ra'ayinsa. Sau da yawa shi ne na ƙarshen jin labarin.

Sai maganar gida. Ana neman gurbi ne ta hannun ƙaramar hukumar yankin da mutum yake zaune, kuma idan masu nema suka yi wa makaranta yawa, kusancin gida na cikin manyan abubuwan da ake dubawa. Ke nan wanda ya kama haya don araharta kawai, ya zaɓa wa 'ya'yansa makaranta bai sani ba. Ana rufe neman gurbin sakandare ranar 31 ga Oktoba, na firamare 15 ga Janairu. Wanda ya zo a tsakiyar shekara sai inda aka samu gurbi, wani lokaci a raba wa da ƙani makaranta, kodayake iyaye na da damar ɗaukaka ƙara. Hukumar Ofsted mai duba makarantu tana sa rahotanninta a intanet kyauta, ana iya karanta su tun daga nan da waya. Masu tunanin makarantar kuɗi kuma su sani tun Janairun 2025 aka ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin.

Akwai tambayoyin da rahoto ba lallai ya amsa ba: shin akwai abincin halal, akwai ɗakin da za a yi azahar, kayan makaranta sun yarda da hijabi? Makarantu sun bambanta, gara a rubuta musu wasiƙa kai tsaye. Islamiyya kuwa sai ta yamma ko ta ƙarshen mako a masallatan unguwa, Hausa kuma ba mai koya wa yaro ita sai 'yan gidansu.

Wannan duk tsarin Ingila ne. Sikotland nata daban, har ranar raba aji. Kuma kafin a rufe akwati, a tabbatar takardar haihuwa, katin rigakafi da sakamakon zangunan baya suna ciki, sannan ranar haihuwar da ke kansu ta yi daidai da ta fasfo.