Nazarin Ɗan Adam: Karatunsa a Jami'a da Jarrabawar Shiga Bincike

Duk yaron da ya tashi a gidan Bahaushe ya san ƙanin mahaifiyarsa kawu ne, ƙanin mahaifinsa baffa, ƙanwar mahaifin kuma goggo. Ya san ɗan kawu taubashinsa ne, akwai wasa tsakaninsu. Ya ga yadda uwa ke jin nauyin ambaton sunan ɗanta na fari. Bai taɓa tambayar dalili ba, domin haka ya buɗi ido ya ga ana yi. Ranar da ya tsaya ya ce "to, me ya sa?", ya kuma duba yadda wasu al'ummu suke nasu, ranar ya sa ƙafa a ilimin da jami'o'i ke kira anturofoloji, wato nazarin ɗan Adam ta fuskar jikinsa da harshensa da al'adarsa da abin da kakanninsa suka bari.

Rassa huɗu

Tun zamanin Franz Boas, wanda ya kafa tushen wannan karatu a Amurka, ake raba shi gida huɗu. Reshe na farko yana duba jiki: ƙashi da jini da abin da ake gado daga iyaye. A nan ɗalibi zai haɗu da ƙasusuwan da aka tono a Hadar ta ƙasar Habasha a 1974, waɗanda aka yi wa laƙabi da Lucy, masana kuma suka ƙiyasta sun kai shekara miliyan 3.2. Na biyu shi ne tonon kayan tarihi, irin gumakan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928 a kudancin Kaduna ta yau. Na uku harshe ne. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, shi ne daga baya ya tsara dangogin harsunan Afirka, ya nuna Hausa na cikin rukunin Cadi, kuma tana da dangantaka ta nesa da Larabci da Buzanci. Na huɗu, wanda ya fi jan ɗalibai, shi ne nazarin al'ada da zamantakewa: aure, gado, sarauta, addini, kasuwa.

Zama cikin mutane

Magabatan fannin, irin su Edward Tylor da ya fitar da littafinsa kan al'ada a 1871, sun fi dogara da labaran matafiya da 'yan mishan. Bronislaw Malinowski ne ya sauya tsarin. Tsakanin 1915 da 1918 ya kafa tantinsa a ƙauyukan tsibiran Trobriand, gabas da Sabuwar Gini, ya koyi harshen mutanen, ya riƙa kwana yana tashi a cikinsu. Can ya ga maza na shiga kwalekwale su ƙetara teku mai haɗari don musayar sarƙoƙin jan kwanso da awarwaron farin kwanso. Sarƙoƙin na zagaya tsibiran ta hannu guda, awarwaron ta ɗaya hannun, kuma babu mai riƙe su dindindin. Baƙon kwana biyu zai ce wahala ce kawai. Wanda ya daɗe ya gane cewa abota da suna da amana ne ke yawo tare da kwanson, ciniki kuma yana bin sawunsu. Ana kiran wannan musaya kula.

A 1925 Marcel Mauss na Faransa ya ɗora a kai, ya bayyana cewa kyauta na tafe da nauyi uku: bayarwa, karɓa, da ramawa. Duk macen da ta taɓa rubuta abin da ƙawaye suka ba ta ranar suna, don ta san abin da za ta mayar idan nasu bikin ya zo, ta riga ta san wannan darasi a aikace.

Ƙasar Hausa ma ta ba fannin littattafan da ake karantawa har yau. A 1949 zuwa 1950 Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba ta Karo. Abner Cohen kuma ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna a 1969 yadda fataucin shanu da goro ya tsaya a kan amanar maigida da baƙinsa. Wajibi ne ɗalibi ya san cewa wani ɓangare na wannan ilimi ya girma a inuwar mulkin mallaka, har gwamnatin Turawa ta riƙa ɗaukar masana aiki don su taya ta sanin talakawanta. Shi ya sa a yau ba a fara bincike sai an nemi yardar mutane, an kuma yi alkawarin rufa musu asiri.

Jarrabawar

Wanda ya gama digiri na biyu yana son zurfafa bincike sai ya bi ta wata ƙofa, kowace ƙasa da irin tata. A Indiya akwai jarrabawar ƙasa mai suna UGC NET, wadda ake yi sau biyu a shekara, anturofoloji kuma na cikin darussanta. Takarda ta farko tambaya 50 ce kan dabarun koyarwa da bincike, ta biyu tambaya 100 kan fannin kansa, duka cikin awa uku, kowace tambaya maki biyu. Waɗanda suka yi zarra na samun tallafin kuɗin bincike, kuma tun 2024 ana amfani da makin wajen ɗaukar ɗaliban digiri na uku.

Tambayoyin na zaɓi ne, saboda haka da yawa ke faɗawa cikin haddar sunaye da shekaru. Hadda tana da amfaninta, amma ba ta riƙe kanta. Abin da ke zaunar da suna a ƙwaƙwalwa shi ne sanin tambayar da mai sunan ya so amsawa. Idan ɗalibi ya san masanin fannin Radcliffe-Brown ya rubuta kan wasan dangi a 1940 ne don ya gano yadda raha ke sassauta zaman da ke da kusanci da tsami a lokaci guda, sai ya tuna wasan jika da kaka, ko na Barebari da Fulani, daga nan ba zai manta ba. Ya ɗauki takarda ya zana danginsa da alamomin fannin, alwatika ga namiji, da'ira ga mace, layi biyu ga aure, har kaka na uku. Ya karanta littafin bincike guda ɗaya daga bango zuwa bango, maimakon taƙaitattun bayanai goma. Sannan ya gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa.

Akwai labarin da kowane ɗalibin fannin a Indiya ya sani. M. N. Srinivas ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Mysore a 1948, ya tara bayanai masu yawa. A 1970, yana Stanford a Amurka, gobara ta cinye bayanan da ya shafe shekaru yana tsarawa. Ya zauna ya rubuta littafi kan ƙauyen, galibi da ka, aka buga shi a 1976. Abin da ya ba shi ikon yin haka shi ne watannin da ya yi yana zaune cikin mutanen ƙauyen, yana sauraron rigimarsu da sulhunsu, har ya san su gida-gida. Irin wannan sani jarrabawar ke buɗe wa ɗalibi hanyar nema, kuma yana iya fara koyonsa tun yau, a zauren gidansu, idan ya zauna kusa da kakarsa ya tambaye ta wa ya haifi wa.