Hasumiyar Gobarau da Yadda Birnin Katsina Ya Sauya a Kewayenta

Gabatarwa

Ranar da na fara ganin Hasumiyar Gobarau ina ɗan firamare ne, an ɗauko mu a bayan babbar mota daga Safana, muka biyo ta Batsari muka shigo birni ta Ƙofar 'Yanɗaka. Malaminmu ya tsayar da mu a gindinta, ya ce mu ɗaga kai. A lokacin ban taɓa ganin ginin ƙasa mai wannan tsawo ba, kuma soraye da gidajen da ke kewaye da ita duk ba su kai rabinta ba. Yau mutum zai iya wucewa ta unguwar a kan babur bai lura da ita ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in tsara wa malaman makaranta da dattawanmu taƙaitaccen tarihin wannan gini, da yadda garin da ke zagaye da shi ya sauya.

Asalin Ginin

Abin da muke kira Gobarau a yau hasumiya ce kawai, wadda ta saura daga tsohon masallacin Juma'a na birnin Katsina. Tsawonta ya kai kimanin ƙafa 50, wato mita 15, an yi ta hawa-hawa, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta. Ruwayar da ta fi shahara tana danganta ginin masallacin ga zamanin Sarki Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko. Wasu masana kuma suna haɗa shi da zuwan Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili, malamin nan da ya fito daga Arewacin Afirka ya zauna a Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Ko wace ruwaya aka ɗauka, ginin ya haura shekara 500 da kafuwa.

Akwai labarin da kowane Bakatsine ya taso yana ji game da shi. Wai da aka zo ɗora harsashi malamai sun yi saɓani a kan alƙibla, sai wani baƙon malami, Malam Jodoma, ya nuna da sandarsa, mutane suka hangi Ka'aba ƙuru-ƙuru. Daga baya hassada ta sa aka kore shi, ya tafi Guga ta ƙasar Bakori ya rasu a can. Wannan ruwayar baka ce, amma tana nuna mana darajar da magabata suka bai wa wurin.

Masallaci, Makaranta da Wurin Tsaro

A zamanin da ayarin fatake ke ƙetare Sahara suna sauka Katsina, wannan masallaci shi ne cibiyar karatun garin. Birnin da ya tara malamai irin su Ɗantakum, wanda ya yi alƙalanci a ƙarni na 16, da Wali Ɗanmarina da almajirinsa Wali Ɗanmasani wanda ya rasu a 1667, dole ne ya kasance yana da wurin da ɗalibai ke haɗuwa. Daga wannan ƙasa ne kuma Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi, ya tafi Gabas har ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ban da kiran salla, ana hawa hasumiyar don hangen abokan gaba tun suna nesa. Mu mutanen ƙasar Ruma da gefen dajin Rugu mun san muhimmancin wannan, domin kakanninmu sun ba mu labarin yadda ake sa masu gadi a kan duwatsu a lokacin hare-haren Maraɗi na ƙarni na 19. Abin da dutse ya yi wa ƙauyukanmu, shi hasumiya ta yi wa birni.

Yadda Aka Bar Masallacin

Bayan jihadi, da Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki a wajen 1807, an gina sabon masallacin Juma'a, salla ta tashi daga Gobarau. Ginin ƙasa kuwa da zarar an daina shigarsa, an daina yaɓensa, to damina ce magajiyarsa. Da haka zauren masallacin ya rushe, hasumiya kaɗai ta tsaya, ita ma tana zaizayewa. Garin kansa ya ragu a wannan ƙarni. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya tarar da ganuwa mai zagayen mil 13 zuwa 14, amma mafi yawan cikinta gonaki ne da kangaye, mutanen da ke ciki kuma ya ƙiyasta su da 7,000 zuwa 8,000, saboda ciniki ya karkata zuwa Kano.

Sai a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944), Allah Ya jiƙansa, aka tara magina suka tayar da hasumiyar, siffar da muke gani yanzu daga wannan gyara ta samo asali. A 1959 kuma gwamnatin tarayya ta sa ta cikin jerin kayan tarihi na ƙasa.

Sauyin Gari

A zamanin Dikko ɗin ne gari ya fara ɗaukar sabuwar kama. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938. Gininta na ƙasa shi ne gidan adana kayan tarihi a yau. Duk da haka, har zuwa ƙuruciyarmu akwai gonaki da kududdufai a cikin ganuwa, kuma mutum in ya fita Ƙofar Ƙwaya ko Ƙofar Guga ya shiga karkara ke nan.

Babban sauyi ya zo ne daga ranar 23 ga Satumba, 1987, da aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Mu ma'aikata muka kwaso iyalanmu muka dawo gida, ana neman ofis, ana neman gidan haya. Gonakin cikin gari suka zama fulotai, unguwanni suka tsallake ganuwa ta kowace kusurwa, hanyar Dutsin-ma ta cika da manyan makarantu har da jami'ar jiha da aka kafa a 2006. Bulo da kwano suka maye gurbin tubali da azara, benaye da turakun sadarwa da hasumiyoyin sababbin masallatai suka zarce Gobarau tsawo. Ƙofar Ƙaura da ayari ke shiga da raƙuma, yanzu motoci ne ke bi ta hanyar ƙarƙashin ƙasa a wajenta.

Ganuwa ce ta fi shan wahala. An haƙe ƙasarta an yi gini, an yanka wurinta an sayar, har ta kai a wurare da yawa sai sunan ƙofa ya rage. Ba wani sarki ko gwamna da ya ba da umurnin a rushe ta. Kowa ya ɗebi kwando guda ne, ba mai tsawatarwa.

Abin da Ke Gabanmu

Ginin ƙasa ba ya rayuwa da takardar doka. Yana rayuwa ne da yaɓe kafin damina, da makuba da katsi da ake cuɗawa don hana ruwa shiga, da indararo da ke kai ruwa nesa da bango. Siminti in aka shafa wa irin wannan gini yakan riƙe danshi a ciki, ya ɓanɓare tare da ƙasar. Maginan da suka gaji wannan sani suna ƙarewa, 'ya'yansu kuma sun koma aikin bulo domin a can abinci yake. Ranar da aka nemi mai gyaran Gobarau aka rasa, ranar za a fara lissafin faɗuwarta.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce su riƙa kai ɗalibai wurin, ko sau ɗaya kafin su gama firamare, su nuna masu tubali da azara da idonsu. Dattawa kuma su zauna da jikoki su faɗa masu inda ganuwa ta bi, da sunayen ƙofofi: Sauri, Durɓi, Marusa, Ƙaura, Ƙwaya, 'Yanɗaka da Guga. Hukuma ita ma ya kamata ta ɗauki sauran tsofaffin magina su koya wa matasa, a riƙa biyansu. A garuruwanmu na Safana da Batsari ma akwai tsofaffin zauruka da masallatan ƙasa da ke jiran irin wannan kulawa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana, amin.