Faci Ko Sabuwa: Idan Ledar Tafkin Ninƙaya Ta Fara Yoyo

Ba kowane tafkin ninƙaya ake yi da kankare da tayil ba. A Kanada da arewacin Amurka da Faransa, da yawa daga cikin tafkunan gidaje rami ne mai bangon ƙarfe ko bulo, sai a shimfiɗa masa leda ta PVC, ita ce ke riƙe ruwan. Kaurinta bai kai milimita 1 ba. A Faransa wadda aka fi amfani da ita mai kaurin milimita 0.75 ce. Masu kiwon kifi a tamfol a nan gida sun san danginta, kuma matsalarsu kusan ɗaya ce.

Kafin a zargi leda, sai an tabbatar ba rana da iska ne ke shan ruwan ba. A cika bokiti, a ajiye shi kan matakalar tafkin, ruwan ciki da na waje su yi daidai, a sa alama, a bar shi awa 24. Idan sun ragu tare, tururi ne kawai. Idan na tafkin ya fi sauka, akwai yoyo. Kada a raina santimita ɗaya: a tafki mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4, lita 320 ke nan ta tafi.

Ruwan kansa yakan tona asirin hudar, domin yana daina sauka idan ya iso daidai inda take. Sau da yawa ma ledar ba ta da laifi, robar da ke toshe bakin bututu ko fitila ko matakala ce ta saki. Don gano wurin, a kashe injin da ke juya ruwan, ruwa ya natsu, a ɗiga ɗan shuni kusa da wurin da ake zargi. In akwai kafa, za a ga launin yana zirarewa ciki.

Daga nan ne mutane ke ɓata lissafi, suna auna girman hudar. Abin dubawa shi ne lafiyar ledar. PVC a asalinsa abu ne mai tauri, wasu sinadarai ake haɗa masa ya yi laushi, su kuwa a hankali suke fita. Rana na cin ɓangaren da ke saman ruwa, kulorin mai yawa na koɗar da launi, kuma idan ma'aunin pH ya daɗe ƙasa da 7 ledar takan tattare, tattarewar da ba ta miƙewa. Shi ya sa akasari takan yi shekara 8 zuwa 12, ta fi haka idan ta samu kulawa.

Ledar da ba ta wuce shekara 4 ko 5 ba, wadda reshe ko gilashi ya yaga, faci ya ishe ta ko da yagewar ta kai tsawon yatsa. Akwai gam da ke kamawa a cikin ruwa. A yanka facin zagayayye don kada kusurwa ta ɓanɓaro, a shafa gam, a ninke, a nutsa, a buɗe shi kan hudar, a danne. Amma wadda ta bushe, take da kaushi a hannu, ta tsage a kusurwa ba tare da wani abu ya taɓa ta ba, ta gama aiki. Kamar tsohon tib ɗin keke ne: a liƙe nan, gobe can ya buɗe. Haka nan idan ɗinkin masana'anta ne ya rabu, ko bakin da ke maƙale da bango ya yage.

Jinkiri ma yana da kuɗinsa, don ruwan da ya bi bayan leda yana sa bangon ƙarfe tsatsa, ya kwashe yashin ƙasa. A ganina faci na uku a shekara guda asarar gam ne. Kuma kada garin neman huda a zubar da ruwan duka: tsohuwar leda idan ta rabu da nauyin ruwa takan tsuke, ranar da aka sake cikawa sai ta yage.