Yaron da ya bar ƙwaya, ina zai koma karatu?

Edita, ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in kai kukana ga Majalisar Dokokin Jihar Kebbi.

Ni manomi ne a ƙasar Ngaski, ina noman shinkafa a bakin tafkin Kainji, ranar kasuwa kuma in kai busasshen kifi Yelwa. Ɗan wana da ke hannuna yana aji huɗu na sakandare aka kama shi da tiramol, aka kore shi. Na sayar da shinkafa buhu shida, muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Jihar Sakkwato. Alhamdu lillahi, yau wata tara ke nan ko taba bai sha ba. To amma duk makarantar da na je, da an ji labarinsa sai a ce babu wuri. Ga shi nan yana wuni bakin ruwa, inda abokan da suka koya masa suke. Wallahi ba na barci.

Dokar kamu dai akwai ta. Tun 1989 aka kafa hukumar NDLEA, a 2018 kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. A 2019 'yan sanda sun fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Rufe su daidai ne. Amma wanda ya tuba fa, ina za a kai shi?

Na ji a rediyo cewa a Amurka akwai makarantun sakandare na irin waɗannan yara zalla. Suna karatu, ana yi musu nasiha da gwaji, har su karɓi takardar shaida.

Ina roƙon wakilanmu su yi doka: duk yaron da likita ya ba takardar warkewa a mai da shi aji. A ware makaranta ɗaya tsakanin Yauri da Ngaski da Shanga, da ma'aikacin lafiya a ciki. A hana duka da ɗauri, a rufa wa yaro asiri, ya zauna jarrabawarsa kamar kowa.

Iyaye 'yan'uwana, mu daina ɓoyewa don kunya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah ya shiryi zuri'armu, amin.

Naku,
Wani manomi,
Wara, Ƙaramar Hukumar Ngaski.