Iskar Barcin Tiyata: Barci Daban, Zafi Daban

A Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, idan aka fito da mara lafiya daga ɗakin tiyata ya farka yana nishi, 'yan jinya kan tambayi ma'aikata: "Ba an sa masa maganin barci ba? To zafin daga ina?" Amsar tana cikin jijiya.

Kowace ƙwayar jijiyar jin zafi tana da fatar da ke cike da 'yan mitsi-mitsin ƙofofi. Wasu na sodiyam ne, wasu na fotasiyam, wasu na kalsiyam. In wuƙa ta taɓa nama, ƙofofin sodiyam suka buɗe, sai ɗan lantarki ya tashi, ya bi laka har ƙwaƙwalwa. Saƙon nan shi muke kira zafi.

Tun 1846, da William Morton ya shaƙa wa mara lafiya iskar itar a Boston ta Amurka, likitoci ke amfani da iskar barci, amma an daɗe kafin a gano yadda take aiki. Iskar tana bi ta huhu ta shiga jini. A ƙwaƙwalwa da laka takan ƙarfafa ƙofofin GABA masu kwantar da jijiya, ta kuma buɗe wasu na fotasiyam, sai jijiyar ta yi sanyi, hankali ya gushe.

Abin mamakin yana can bakin rauni. A 2008 masu bincike a Jami'ar Georgetown suka nuna cewa iskar barci irin su isofuloren da desfuloren suna tsokanar wata ƙofa mai suna TRPA1 a jijiyoyin zafi, wadda ita ce ɗanyar tafarnuwa ke taɓawa ta yi raɗaɗi a baki. Wato iskar da ta kwantar da ƙwaƙwalwa tana iya hura wutar zafin a ƙasa. Iskar barci ta sebofuloren kuwa ba ta yin haka, kuma ba ta shaƙe maƙogwaro, shi ya sa aka fi shaƙa wa yara ita. A ganina, abin da ya kamata ɗan jinya ya tambaya shi ne wane maganin kashe zafi aka tanada, domin iskar barci ba ta ɗauke wannan nauyin.

Mutanen yankin Anka da Bukkuyum sun ga wata fuskar lamarin ƙofofin jijiya. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinari ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Bagega da 'Yargalma. Dalma tana toshe wata ƙofa a ƙwaƙwalwa mai suna NMDA, wadda allurar ketamin ma ke toshewa a tiyata. Ketamin takan bar jiki cikin sa'o'i, iskar barci kuma numfashi ke fitar da ita. Dalma kuwa takan zauna a ƙashi shekaru, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum tana ba yara maganin da ke jawo ta ta fita a fitsari.