Famfara da Karayar Haƙori: Kula da Haƙoran Gaba na Yara

1.0 Gabatarwa

Hausa tana da kalmomi da dama a kan haƙori. Akwai wushirya, watau ratar da ake halittar mutum da ita tsakanin haƙoran gaba. Akwai giɓi, gurbin da haƙori ya bari. Akwai kuma famfara, watau zubar haƙoran yarinta domin na girma su fito. Wannan maƙala za ta nuna cewa ba kowane giɓi ne a bakin yaro famfara ba, kuma rashin bambance su shi ke sa yara da yawa su girma da giɓin da magani zai iya hanawa.

2.0 Haƙoran Yarinta da na Girma

Haƙoran yarinta 20 ne. Suna fara tsirowa wajen wata 6, su soma zuba wajen shekara 6. Na girma kuwa 32 ne, kuma ba su da magaji. Manyan haƙoran gaba biyu na sama, waɗanda suka fi yawan karyewa, suna fitowa tsakanin shekara 7 da 8, saiwarsu kuma ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 10. Saboda haka yaro ɗan shekara 8 da ya faɗi wurin langa ko ƙwallo, galibi haƙorin girma ya karya, ko da iyaye sun ce wani zai tsiro.

3.0 Ire-iren Karaya da Maganinsu

Haƙori hawa uku ne: farin ɓawo mai tauri, da ƙashin da ke ƙarƙashinsa, da ɓargo mai jijiya da jini a tsakiya. In ɓawon kaɗai ya ɓantare, likitan haƙori yakan goge kaifin. In ta kai ƙashi, yaro zai ji tsami in ya sha ruwan sanyi. Nan sai a liƙa gutsuren da ya karye, in an zo da shi, ko a cike gurbin da wani ƙaro mai launin haƙori. Wannan dabara ta samo asali daga binciken Buonocore a Amurka a 1955.

In aka ga ɗigon ja a tsakiyar karayar, to ɓargo ya buɗe. A 1978 Cvek, likita a Suwidin, ya nuna cewa za a iya yanke ɗan saman ɓargon kawai, a rufe sauran da magani, haƙori ya rayu har saiwarsa ta ƙosa.

4.0 Haƙorin da ya Fita Ɗungum

Nan ne gaggawa ta fi muhimmanci. Jikin saiwa akwai ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda ke haɗa ta da muƙamuƙi, kuma suna mutuwa in haƙori ya bushe har awa guda. A riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. A ɗauraye shi kaɗan, a mayar da shi gurbinsa, yaro ya ciji tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. In mayarwa ta gagara, a tsoma shi cikin madara ko cikin miyan yaron. A nan ma harshe yana da amfani: madara ake nufi, ba nono mai tsami ko kindirmo ba; ruwa zalla ma yana lalata ƙwayoyin. Likita zai ɗaure shi jikin maƙwabtansa kamar mako 2, ya kuma duba allurar tetanus.

Haƙorin yarinta kuwa ba a mayar da shi, domin zai iya raunana na girma da ke kwance ƙarƙashinsa.

5.0 Kammalawa

Bayan magani, a ba yaro abinci mai laushi kamar kunu da fate, a hana shi rake da ƙashi, a ci gaba da tsabtace baki a hankali. In haƙorin ya fara duhu, ko ƙurji ya fito a dasashi, alama ce ɓargo ya mutu, sai a koma asibiti ko da ba ciwo. Malaman firamare, da yake su ne kusa da filin wasa, su suka fi cancanta a fara koya wa waɗannan matakai, da harshen da iyaye ke ji.